MAYAFI ƊAYA, ƘWARYA ƊAYA: DARASIN ASH'ARIYYAWA GA MASU ADASHI DA ASUSUN UNGUWA

 

'Yan'uwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Muna da wani asusun taimakon juna a unguwarmu da ya kusa mutuwa a bara, kuma da hannuna a cikin abin da ya kusa kashe shi. Tun lokacin nake son in zauna in rubuta abin da na koya, don na san da wuya a samu unguwa ko kasuwa ko ma'aikata da babu irinsa: adashin mata, ƙungiyar masu Keke, asusun 'yan layin kasuwa, kwamitin maƙabarta. Dukkansu a kan magana guda ake kafa su, cewa a nan kowa ɗaya ne. Kuma dukkansu suna zaune ne a cikin garin da kowa ya san ba ɗaya ake ba. To yaya wannan ɗayantakar take rayuwa a tsakiyar bambanci, kuma ta wace ƙofa take mutuwa? Bari mu fara da hadisi, sannan mu dawo unguwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari (RA) cewa Annabi (SAW) ya yabi mutanen ƙabilarsa, Ash'ariyyawa, da wata ɗabi'a. Idan guzurinsu ya ƙare a wajen yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai kowa ya kawo ɗan abin da ya rage masa a tara a mayafi guda, sannan a raba daidai da ma'auni guda. Annabi (SAW) ya rufe maganar da jingina su ga kansa, ya jingina kansa gare su. Ka duba girman wannan lambar yabo, sannan ka duba aikin da ya jawo ta. Rabon tsaba ne.

Su waye waɗannan mutane? 'Yan Yaman ne. Abu Musa ya ba da labarin cewa su hamsin da 'yan kai suka shiga jirgin ruwa da nufin zuwa wajen Annabi (SAW), jirgin ya jefa su Habasha, suka tarar da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib, suka zauna tare da shi har suka iso gaba ɗaya lokacin da aka ci Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira. Wato baƙi ne a Madina. Ba su da gonakin dabino irin na Ansar, ba su riga kowa kama wuri a kasuwa ba.

Kuma kada wani ya ɗauka Madinar da suka tarar gari ne da kowa yake da abin da ɗan'uwansa yake da shi. A garin akwai Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu, waɗanda dukiyarsu ta isa ta ɗauki nauyin runduna. A garin dai Abu Huraira (RA) yake cewa ya ga mutum saba'in daga mutanen Suffa babu mai cikakkiyar sutura ta sama da ƙasa, wani ƙyalle guda ne ya ɗaure a wuya, yana riƙe shi da hannu kada tsiraicinsa ya bayyana. Alƙur'ani ma bai ɓoye wannan ba. Suratun Nahli aya ta 71 da Suratuz Zukhrufi aya ta 32 duk sun tabbatar da cewa Allah Ya fifita wasu a kan wasu a arziki. Ash'ariyyawa ba su jira ranar da za a daidaita Madina ba. Sun shata ɗan fili a tsakaninsu, suka ce a cikin wannan filin ma'auni ɗaya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a hadisin shi ne mayafin da ma'aunin. Me ya sa sai an fara juyewa a mayafi guda? Ai da ana iya cewa mai mudu biyar ya ɗebi biyu ya miƙa wa mai mudu ɗaya. Lissafin zai fita daidai. Amma da an yi haka, an samu mai bayarwa da mai karɓa, kuma gobe in sun haɗu a hanya ɗaya zai sunkuyar da kai. Da zarar tsaba ta gauraya a mayafi, babu mai iya nuna ƙwayar da ta fito daga gidansa. Mayafin yana shafe sunan mai kawowa. Shi kuma ma'auni guda yana ɗaure hannun mai rabo, ba zai cika wa surukinsa ya rage wa wanda suka yi faɗa jiya ba. Ash'ariyyawa mutanen kirki ne, har Annabi (SAW) yana gane masaukansu da dare saboda sautin karatun Alƙur'ani. Duk da haka ba su bar rabo a hannun kirkin mai rabo ba, sun sa ƙwarya.

Ɗalibin fiƙihu zai iya tambaya: wanda ya zuba mudu biyar ya karɓi uku, wanda ya zuba ɗaya ya karɓi uku, wannan ba musayar abinci da abinci ba ne da fifiko, wanda aka hana? Imam Nawawi ya amsa a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa wannan ba rabon da littattafan fiƙihu suke gindaya wa sharuɗɗa ba ne, halasta wa juna ne da jin ƙai. Shi kuwa Bukhari a Kitabus Sharika ya kawo hadisin, a babin da ya yi magana a kan abin da Larabawa ke kira nahdu, wato matafiya su haɗa guzuri su ci tare ko da wani ya fi wani ci. A babin ne ya kawo labarin rundunar Abu Ubaida (RA), mutum 300 da guzuri ya yanke musu a bakin teku, ya sa aka tara abin da ya rage yana raba musu kaɗan-kaɗan, har ta kai kowa dabino ɗaya yake samu a yini. Kwamanda da ƙaramin soja, dabino ɗaya.

To mu dawo gida. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne, muna da gayya muna da adashi, kamar yadda 'yan'uwanmu na Sudan suke da nafir. Sai dai mun fi son mu yabi gayya da baki, mu ce da can mutane akwai zumunci, ba ma son duba cikinta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya iri biyu ce. Akwai ta tsara: samari biyar ko shida su haɗu, yau gonar wannan gobe ta wancan, kowa da fartanyarsa, babu mai bin wani bashi in an zagayo. Akwai kuma babbar gayya, wadda ake yanka dabba, a dama fura, a raba goro, a kira makaɗa. Wa yake iya kiran wannan? Mai rumbu cike a tsakiyar damina. Talaka yana zuwa irin wannan gayyar, amma ba ya iya kiranta. Ya ba da yininsa a lokacin da tasa gonar take neman noma, ya dawo da cikin da ya ƙoshi na yini ɗaya. In kuwa mai sarauta ne ya kira, to sunan dai gayya ne, amma wa ya isa ya ƙi zuwa? Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta fitar da littafi a 1972, ta nuna irin ratar da ke tsakanin manoman gari guda, har wasu talaucin kan hana su noma tasu gonar saboda dole su tafi ƙwadago a ta wani don abin da za a ci yau. Abin da kakanninmu suka sani ne, ita rubutawa ta yi. Suna ɗaya, gayya, amma ɗaya tana zagayawa, ɗaya kuwa gangarawa take yi zuwa gidan mai shi.

Adashi kuma, tun da ana yawan tambayata hukuncinsa, bari in faɗa a taƙaice. Ba sabon abu ba ne a wajen malamai. Ƙalyubi, malamin Shafi'iyya na Masar, ya ambata a Hashiyarsa cewa matan zamaninsu suna da al'adar tara wani adadi duk Juma'a ko duk wata a ba ɗaya bayan ɗaya har a zagaye, ya ce halal ne, ya jingina fatawar ga Waliyyuddin al-Iraƙi wanda ya rasu a shekara ta 826 bayan hijira. Ka ga sama da shekara 600 ke nan mata suna zubi a Alƙahira. A wannan zamanin Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun halasta, Shaikh Salih al-Fauzan ya hana, yana ganin bashi ne da aka sharɗanta bashi a kansa. Ni ina tare da masu halastawa, matuƙar kowa abin da ya zuba shi zai kwasa, babu ƙari babu ragi.

Amma halascin abu daban, adalci a cikinsa daban. A takarda kowa ya zuba daidai ya kwashi daidai. A zahiri wanda ya yi kwasar farko bashi ya karɓa marar ruwa na wata tara ko goma, wanda ya yi ta ƙarshe shi ne ya ba kowa bashi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wato naira dubu ɗari biyar da aka kwasa a Janairu da wadda aka kwasa a Oktoba suna ɗaya ne kawai, a kasuwa ba kaya ɗaya suke saya ba. Yanzu ki tambayi kanki, 'yar'uwa, a adashinku wa ake ba hannun farko? Sau da yawa uwar adashi ce, sai Hajiya matar wane, sai wadda ake jin nauyinta. Mai wankau da mai ƙosai su ne a ƙarshe, wai don ana tsoron kada su kwasa su kasa zubi. Babu wanda ya saci sisi, amma talakar cikinsu ita ta ɗauki asarar kowa. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa bashi da adadinsa ake biya, ba a ƙara don darajar kuɗi ta faɗi, saboda haka gyaran a jeri yake. Ko a yi ƙuri'a, wadda Annabi (SAW) da kansa yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ko a fara da mai lalura ta gaske da yardar kowa, sannan a zagaye na gaba a juya jerin, ta ƙarshe ta zama ta farko.

Yanzu ga labarin namu. Asusun mutum arba'in ne da ɗoriya, kowa naira 500 duk Juma'a bayan Isha'i, a barandar masallaci. Akwai mai shayi, akwai tela, masu Keke, malamin firamare, ma'aikatan gwamnati biyu, da wani dattijo mai gadi da kowa ke kira Baba. In matar mutum za a yi mata aiki, ko an yi rasuwa, ko jari ya karye, a cire a ba shi, wani kyauta wani rance marar ruwa. Wanda ya makara tarar naira 50. Shekara uku ana tafiya haka, ana faɗa ana shiryawa. Na sha ganin mai shayi ya tsare ma'aikacin gwamnati da lissafi har sai ya kawo cikon da ya manta.

Sai wani attajirin unguwar ya ji labari, abin ya burge shi. Ina so a fahimce ni da kyau a nan: mutumin kirki ne, mai sallah a sahu, rabin ginin masallacin nan shi ya yi. Ya aiko cewa zai zuba wa asusun kuɗin da ya fi abin da muke tarawa a shekara. Aka yi ta kabbara. Baba ne kaɗai ya ɗaga hannu ya ce, "Liman, in ya zuba wannan, ranar da ya makara wa zai ce ya kawo hamsin?" Aka yi dariya. Ni kuma na gyara zama na kawo ayoyi da hadisai a kan falalar ciyarwa da kyautata zato ga Musulmi da karɓar kyauta. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai ba amsar tambayarsa ba ce. Baba ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ku kuka san littafi." Ya yi shiru. Aka karɓi kuɗi, aka naɗa Alhaji uban ƙungiya.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Da farko aka ce bai kamata Alhaji ya riƙa zama a baranda sauro na cizonsa ba, taro ya koma falonsa. Mutumin da yake miƙe ƙafa a tabarmar masallaci yana musu, yanzu ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya rakuɓe a gefen kafet, in an tambaye shi ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Sannan taro ya zama ba a farawa sai Alhaji ya fito. Sannan wani yaron shagonsa ya karɓi rance ya wuce wa'adi da wata huɗu, aka rasa mai tambaya, alhali a makon aka ci tela tarar makara. Sannan zubi ya fara ja da baya, don mutane sun ce me ɗari biyar ɗina za ta ƙara, ai Alhaji na nan. Wallahi bai taɓa yi wa kowa gori ba, bai taɓa cewa a yi kaza don kuɗinsa ba. Ba ya ma buƙatar ya faɗa. Kowa ya ci ladan kuturu ya san akwai aski a gaba, mu da kanmu muka riƙa yi masa askin da bai nema ba.

Ranar da ido ya buɗe, yaron mai shayi ne aka kwantar a asibiti ana neman kuɗi a daren. A da, mutum uku za a tasa, a buɗe asusu, a ba shi, da safe a sanar. Wannan karon ma'aji ya ce ba zai iya taɓa kuɗin ba sai Alhaji ya sani, Alhaji kuma yana Umra, wayarsa ba ta shiga. Mutumin da ya shekara uku bai taɓa fashin zubi ba, a daren nan sai da ya jinginar da tukunyar gas ɗinsa da teburinsa. Yaron ya tashi, alhamdu lillah. Amma da na je duba shi, abin da uban ya ce mini shi ne, "Malam, da haƙƙina nake zuwa karɓa, yanzu roƙo nake zuwa yi." Bayan kwana biyu Baba ya same ni bayan Asuba ya ce, "Liman, ni dai a lissafa abin da na zuba a ba ni." Bai ce ai na faɗa ba. Da ma ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na koma ina duba abin da na riga na sani amma ban ɗora shi a kan kaina ba. Muslim ya ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) cewa su shida ne a wajen Annabi (SAW), cikinsu akwai Ibn Mas'ud da Bilal, manyan Ƙuraishawa suka nemi a kore su daga majalisin kada su saba da yi musu tsaurin ido, sai Allah Ya saukar da aya ta 52 a Suratul An'am Ya hana. Lura da abin da manyan suka nema. Ba su ce a hana talakawa addini ba, tsarin zama suka nemi a canza. Mu ba mu kori kowa ba, amma mun mayar da majalisin inda talaka zai kori kansa da kansa. Sai kuma hadisin matar nan 'yar Banu Makhzum da ta yi sata, Usama (RA) ya je ceto, Annabi (SAW) ya yi huɗuba ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Mun saba karanta wannan hadisin muna hararar gwamnati da kotuna. Ashe yana aiki a kan tarar naira hamsin.

Akwai kuma wani babba a ƙungiyar da ban lissafa ba, wato ni. Bambanci ba na kuɗi kaɗai ba ne. In liman ya buɗe baki ya ce Allah Ya ce, Annabi ya ce, wane mai gadi ne zai ce shi bai gamsu ba? Na ɗauki mas'alar tsari, wadda Baba ya fi ni saninta nesa ba kusa ba, na sa mata rigar fatawa. Alhali ga Barira, kuyangar da aka 'yanta, Annabi (SAW) ya nemi ta koma wa mijinta Mugis, ta tambaye shi shin umarni ne, ya ce a'a, ceto ne kawai yake yi, ta ce to ba ta da buƙata. Bukhari ne ya ruwaito. Manzon Allah ya bar wa kuyanga ƙofar cewa a'a, ya raba mata umarni da shawara. Ina kira ga 'yan'uwana malamai da limamai da ke cikin irin waɗannan kwamitoci, mu riƙa faɗa da bakinmu cewa wannan ra'ayina ne ba hukuncin Allah ba, kuma mu yi magana a ƙarshe.

Gyaran da muka yi, wani ɓangarensa daga matan Nijar muka aro, ta bakin wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi da ke kasuwanci a nan. A can ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari a 1991 mai suna Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan ƙauye ne, ashirin ko talatin, suke haɗuwa duk mako su yi zubi daga aljihunsu, ba kuɗin wani daga waje ba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, don wadda ba ta karatu ma ta riƙe lissafi da ka. Ka ga mayafi da ƙwarya ke nan a wata siffa. Ba wai suna zargin ma'ajiyarsu ba ne. Sun dai san ita ma tana da miji, tana da mai gari, tana da wanda in ya ce ara mini ba za ta iya cewa a'a ba. Kwaɗo ukun nan kariya ce gare ta kafin kowa, don ta samu abin faɗa: ba ni kaɗai ke da makulli ba.

Inda ban bi su ba shi ne ƙarin da yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suke ɗorawa a kan rance. Wasu na cewa ai kuɗin asusu yake komawa, a ƙarshen shekara a raba da wadda ta biya. Wannan bai fitar da shi daga kuɗin ruwa ba a fahimtata, domin ƙari ne da aka sharɗanta a kan bashi, kuma in ka bi sawu mai yawan cin bashi ita ce mabuƙaciya, mai yawan zubi ita ce mai hali, ka ga inda ƙarin yake gangarawa. In ana son asusu ya haihu, ga hanya: ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa ko keken ɗinki ta mallake shi, ta sayar wa mai so da riba sananniya zuwa wa'adi, ko ta ba da jari a raba abin da aka samu. Rance kuwa ya zauna rance.

Zuwa wajen Alhaji shi ne mai wuya, kuma ni aka tura tun da ni na jawo. Na ce masa, "Alhaji, alherinka ya fi ƙarfin ƙwaryarmu." Ransa ya sosu, ya ce shi don Allah ya yi, yanzu kuma shi ne mai laifi? Na ce laifin namu ne, na kwashe labarin daren asibiti na faɗa masa, wanda ashe babu wanda ya taɓa gaya masa, saboda kara. Ya daɗe bai ce komai ba. Abin da aka tsaya a kai: taro ya koma baranda. An soke muƙamin uban ƙungiya. Ragowar kuɗinsa an ware shi daban don marayu da zawarawan unguwa waɗanda ba 'yan asusu ba, mutum uku na kula da shi. Duk mai son ya taimaka wa asusun da abin da ya wuce zubi, ya ba ma'aji a ɓoye, a rubuta "wani bawan Allah", kuma kada ya wuce abin da muke tarawa a wata. In Alhaji yana son zama ɗan ƙungiya, ɗari biyar ne da murya ɗaya da tarar hamsin. Makulli uku, kuma kowane biyu daga masu makulli tare da shaida ɗaya suna iya yanke fitar da kuɗin asibiti a kowane dare, na ukun ba shi da ikon hanawa, ba a jiran kowa. Ni kuma shaida ne kawai, ba na jefa ƙuri'a a maganar kuɗi. Yaron shagon ya biya a wata biyu. Alhaji bai shiga ba har yau, muna dai gaisawa lafiya. Baba ya dawo, kuma makulli ɗaya yana hannunsa.

Kada wani mai hali ko mai mulki ya karanta wannan ya ce madalla, ashe talakawa sun fi son a bar su da kansu. Ba haka na ce ba. Mutum arba'in sau ɗari biyar naira dubu ashirin ne a mako. Ba ta wankin ƙoda, ba ta gina aji, ba ta gyara rijiyar burtsatse in injin ya ƙone. Mayafin Ash'ariyyawa ƙarancin da ke akwai yake rabawa, ba ya ƙara ko ƙwaya. Kuma a Madinar da suke shimfiɗa shi akwai zakka da ake aika ma'aikata su karɓo, akwai rabon fai'i da Suratul Hashri aya ta 7 ta bayyana hikimarsa, cewa don kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kawai. Zakka haƙƙi ce da ake fitarwa, ba ta sayen kujera a taron kowa. Asibitin da ke da magani haƙƙi ne a kan hukuma. Ni ina jin tsoron yabon da ake yi wa haƙurin talaka da zumuncinsa daga bakin wanda ya riƙe abin da ya kamata ya sake.

Saura matsala ɗaya da ba mu warware ba, kuma ita ce a gabanmu wannan Juma'ar. Asusun da muke alfahari da cewa kowa ɗaya ne a cikinsa, shi ma yana da ƙofa, kuɗin shigarta ɗari biyar duk mako. Akwai mai ga-ruwa da wani mai faci a layinmu da suka nemi shiga, suka ce ɗari biyu za su iya. Wasu sun ce a karɓe su da rabin zubi da rabin haƙƙi. Wasu sun ce rabin zubi da cikakken haƙƙi, ai Ash'ariyyawa ba su auna abin da kowa ya kawo ba. Tela kuma ya ce in aka buɗe wannan ƙofar gobe kowa zai ce shi ma ɗari biyu yake iyawa, asusun ya rushe a kan waɗanda aka ce za a taimaka, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Wanda ƙungiyarsu ta taɓa fuskantar irin wannan, ya rubuto mana yadda suka yi da abin da ya biyo baya, zan karanta wa jama'a kafin a fara. Ina da nawa ra'ayin, amma sai Baba da sauran sun gama.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.